Shin maganar hannu tana hana ƙaramin yaro buɗe baki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce a cikin garin Bauchi. Ɗana na fari yana da shekara ɗaya da wata takwas. Sanƙarau ya kama shi yana ɗan wata goma, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma tun daga lokacin ba ya waiwayowa idan an kira shi, kuma gwalantun da ya fara yi ya daina. Likita ya auna shi ya ce jinsa ya tafi sosai a kunnuwan biyu. Na fara yi masa nuni da hannu, sai uwar mijina ta hana, ta ce idan ya saba da hannu bakinsa ba zai taɓa buɗewa ba, a bar shi zai yi magana da kansa. Ina kuma ganin bidiyon Turawa a Facebook suna koya wa jarirai masu ji alamun hannu. Shin abu ɗaya ne da abin da yarona yake buƙata? Kuma in bi maganar Hajiya ko in ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa yaron lafiya, ya raya miki shi, ya ba ku ikon cin wannan jarrabawa. Aikina koyar da yara kurame ne a nan Bauchi, kuma abin da Hajiya ta faɗa shi ne abin da na fi ji daga bakin iyaye da kakanni, saboda haka zan ba ki amsar a fili tun da farko. Ki koma ki ci gaba da yi masa magana da hannu, kuma kada ki bari wani watan ya sake wucewa. Maganar hannu ba ta rufe bakin yaro. Illar da ke da wuyar gyaruwa ita ce yaro ya cinye shekarunsa na farko babu wani harshe da ke isa gare shi, na baki ko na hannu, kuma ɗanki ya riga ya yi wata goma a cikin wannan hali.

Ki lura da yadda abubuwan suka biyo juna a labarinki, domin hujjar da za ta fi gamsar da Hajiya tana ciki. Yaron ya daina gwalantu kafin ki taɓa yi masa nuni da hannu, don haka hannu ba shi ne ya ɗauke muryar ba. Jariri yana gyara gwalantunsa ne da kunnensa: ya ji mutane, ya gwada, ya ji kansa, ya sake gwadawa, har "ba-ba-ba" ta zama "Baba". Can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi waɗanda ke mayar da sauti saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Sanƙarau yana lalata waɗannan ƙwayoyi, kuma idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya yakan tashi da wata larura mai ɗorewa, kuma kurumta tana kan gaba a cikinsu. Maƙogwaron ɗanki da leɓɓansa lafiyarsu ƙalau, shi ya sa yake kuka yake dariya da murya. Abin da ya rasa shi ne jin abin da zai kwaikwaya, kuma jira ba ya dawo da wannan.

Ƙwaƙwalwar yaro tana neman harshe tun daga haihuwa, kuma ba ta damu da ƙofar da zai shigo mata ba, kunne ne ko ido. A shekarar 1991 wata masaniya mai suna Laura-Ann Petitto da abokiyar aikinta suka wallafa binciken da suka yi a Kanada, inda suka nuna cewa jarirai kurame da suka tashi a hannun iyaye masu maganar hannu suna yin gwalantu da hannuwansu, suna maimaita motsi iri ɗaya a jere kamar yadda mai ji yake maimaita sauti, kuma a kusan shekarun da mai ji yake yin nasa. Irin waɗannan yara sukan yi alamarsu ta farko wajen cikar shekara ɗaya, su fara haɗa alamu biyu tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, daidai da takwarorinsu masu ji. Wannan dama kuwa tana da wa'adi. Ta fi faɗi a shekaru uku na farko, tana raguwa daga nan, kuma nazarin da Rachel Mayberry ta daɗe tana yi a kan manyan kurame ya nuna cewa wanda ya sami harshensa na farko a makare yakan ci gaba da shan wahala da tsarin jimla ko da ya yi shekaru masu yawa yana maganar hannu.

Abin da nake gani a aji ke nan. Ana kawo mana yaro ɗan shekara bakwai ko takwas, lafiyayye, mai kaifin ido, amma duk abin da ya zo da shi bai wuce 'yan nune-nunen gida ba: ci, sha, zo, tafi, duka. Sau da yawa bai san yana da suna ba. Sunayen abubuwa yakan kama su da sauri ƙwarai, kofi da biro da akuya, har iyaye su yi murna. Inda ake tsayawa shi ne jiya da gobe, da "don me", da "da ka zo da na ba ka", da ba da labari daga farko zuwa ƙarshe, sannan karatu da rubutu, waɗanda ba su da inda za su zauna idan babu harshe a ƙarƙashinsu. Yawan fushi da jifa da cizo da ake dangantawa da kurame, har a ce halinsu ne, mafi yawansa na yaron da ke da buƙata ne ya rasa yadda zai faɗe ta.

Tsoron Hajiya ba jahilci ba ne, domin manyan malaman Turai sun riƙe wannan ra'ayi na tsawon lokaci. A taron da masu koyar da kurame suka yi a birnin Milan na Italiya a 1880 an yanke shawarar fifita koyar da magana da baki a kan hannu, makarantu da yawa suka hana maganar hannu, aka yi ta fitar da ɗalibai masu ƙarancin karatu. Sai a 1960 William Stokoe ya nuna cewa maganar hannun kuramen Amurka cikakken harshe ce mai nahawunta, kuma a 2010 wannan taro na ƙasa da ƙasa, a zamansa na Vancouver, ya fito ya yi watsi da shawarar Milan.

Wannan ba ya nufin a yanke ƙauna daga kunne. Ki koma sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ki tambaya ko akwai sauran ji da na'urar ƙara ji za ta taimaka wa, kuma ko akwai buƙatar a tura ku Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Akwai dalilin gaggawa na musamman ga wanda sanƙarau ya kurumtar: bayan ciwon, wannan sashe mai siffar katantanwa yakan fara cikewa da ƙashi, wani lokaci cikin makonni ko watanni, kuma hakan yana wahalar da dasa na'urar ji ta hanyar tiyata idan an jinkirta. Wannan tiyata tana cin miliyoyin naira, tana buƙatar horo na shekaru da gyaran na'ura bayanta, kuma ba kowane yaro take yi wa amfani iri ɗaya ba. A kan yaran da aka yi wa dashen akwai saɓani tsakanin masana, wasu suna ganin a mayar da hankali ga saurare kaɗai. Sai dai wani ƙaramin bincike a Amurka a 2014 ya duba yara biyar da aka dasa wa na'urar, waɗanda iyayensu kurame ne kuma suka tashi da maganar hannu tun daga haihuwa, aka tarar Ingilishinsu na baki ya yi daidai da na yara masu ji. Ni dai ra'ayina shi ne, a wurinmu da ko batirin na'ura yakan yi wuyar samu, dogaro da na'ura kaɗai caca ce da shekarun yaro. A nemi na'urar, a ci gaba da yi masa magana da baki yana kallon fuska, amma a ba shi hannu yanzu, domin shi ne hanyar da muke da tabbacin za ta isa gare shi.

Bidiyon da kike gani a Facebook wani abu ne dabam. Asalinsa aikin wasu masana biyu ne a Kalifoniya, Linda Acredolo da Susan Goodwyn, tun daga shekarun 1980, waɗanda suka lura cewa jariri mai ji yana iya sarrafa hannunsa kafin bakinsa ya iya furta kalma, don haka za a iya ba shi 'yan alamu kamar nono, ƙari da barci ya rage kuka kafin magana ta zo. Babu laifi a ciki, kuma ba ya jinkirta magana. Amma alƙawarin da masu sayar da littattafai da darussa ke yi, cewa zai sa yaro ya yi magana da wuri ko ya fi basira, bai tabbata ba: wani gwaji da aka yi a Ingila aka wallafa a 2013, da jarirai 40, bai sami bambanci a saurin magana tsakanin waɗanda aka koya wa alamu da waɗanda ba a koya wa ba, illa dai iyayen da suka yi alamun sun fi lura da motsin 'ya'yansu. Jariri mai ji alamu goma ko ashirin sun ishe shi, zai yar da su da zarar bakinsa ya buɗe. Ɗanki yana buƙatar cikakken harshe, wanda za a yi masa tatsuniya da faɗa da lallashi da koyar da salla a cikinsa.

Sai batun wace maganar hannu za ki koya, domin ba iri ɗaya ba ce a duniya, ta Ingila ma dabam take da ta Amurka. A ƙasar Hausa muna da biyu. Akwai maganar hannu ta gargajiya da kuramen Hausawa suka gada a tsakaninsu, wadda wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano ta wallafa bayaninta a shekarar 2000, kuma alamunta da yawa sun yi kama da nunin da Bahaushe mai ji yake yi a kasuwa ko daga nesa. Akwai kuma ta makaranta, wadda ta samo tushe daga ta Amurka ta hannun Andrew Foster, wani baƙar fatar Amurka kurma da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, kuma ita yaron zai tarar idan ya shiga aji. Kada zaɓi tsakaninsu ya tsayar da ke ko na kwana ɗaya. Ki fara da wadda kuramen da ke kusa da ke suke yi, tunda da su zai yi hira, yaron da ya riƙe ɗaya kuwa ɗaukar ta biyu ba ta yi masa wuya. Ki je Cibiyar Ilimi na Musamman da ke Yelwa ko reshen jiha na Ƙungiyar Kurame ta Ƙasa, ki roƙi a haɗa ki da wata mace kurma mai hankali da za ta riƙa zuwa gidanku ko ki riƙa zuwa wurinta. Hirar sa'a ɗaya da ita ta fi miki bidiyo ɗari, kuma yaron zai ga babban mutum irinsa yana magana ana saurarensa. Kada kuma ki ce sai kin ƙware. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, kuma binciken da Naomi Caselli da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2021 ya nuna cewa 'ya'yan irin waɗannan iyaye, idan an fara musu da wuri, yawan kalmominsu yakan kai na sa'o'insu duk da iyayen suna kan koyo.

Yadda ake yi a gida shi ne inda aka fi kuskure, kuma tushen kuskuren guda ne. Yaro mai ji yana iya kallon kaza yana jin kina cewa "kaza" a lokaci ɗaya. Ɗanki ido ɗaya zai raba tsakanin kazar da hannunki, saboda haka dole abin ya zo bi da bi. Ki ɗauki lokacin koko da safe. Ki zauna a tabarma ki daidaita fuskarki da tasa, kofin yana hannunki na hagu kusa da kuncinki yadda idan ya kalli kofin zai haɗa da fuskarki. Kada ki miƙa masa tukuna. Ki jira ya ɗago ido, in bai ɗago ba ki taɓa kafaɗarsa a hankali sau biyu ko ki kaɗa hannu a gefen da yake kallo, amma kada ki kama haɓarsa ki juyo da ita da ƙarfi, domin yaran da ake yi wa haka sukan koyi kawar da kai. Da zarar idonsa ya sauka a kanki, ki yi alamar sha, babba, a hankali, sau biyu ko uku, girarki a ɗage alamar tambaya, bakinki yana faɗin kalmar. Sannan ki ba shi nan take. Idan ya shanye ki nuna masa cikin kofin, ki yi alamar ya ƙare, ki jira ki ga abin da zai yi. Wannan jiran yana da muhimmanci ƙwarai, domin uwa mai tausayi takan biya buƙata kafin yaro ya nema, sai ya rasa dalilin ɗaga hannu. Haka za ki yi da wanka da fo da barci da zuwan babansa, kina sanya alamu a kan abin da hankalinsa yake kai a wannan lokaci. Ki sa zafi da ciwo da a'a cikin na farko-farko, saboda murhu da ruwan zafi ba za ki iya yi masa tsawa daga nesa ba. Kowa a gidan a ba shi alamar sunansa, shi ma a ba shi tasa.

Akwai al'adunmu da sai an ɗan sassauta su saboda shi. Goyo yana ba shi ɗumi da nutsuwa, amma yaron da ke baya ba ya ganin fuskar uwarsa ko hannunta, kuma abin da mai ji yake tsinta daga hirarki da maƙwabta yana goye, shi ba ya samun komai daga ciki. Idan yana farke kuma aikin ya ba da dama, ki sauke shi ki zaunar da shi gabanki nesa da wuta. Dogon hijabi yana rufe hannu, niƙabi yana rufe fuska, fuska kuwa rabin maganar ce, tunda a kanta ake gane tambaya da hani da wasa, don haka a cikin ɗaki ki bar masa su a buɗe. Da dare idan an ɗauke wuta ki haska fitila a fuskarki kafin ki yi magana, kada ki haska idonsa. A sanar da manyan gidan cewa idan ya ƙura wa babba ido ko ya nuna mutum da yatsa ba rashin kunya ba ne, saurare yake yi da ambato, kuma idan hagu ya fi masa sauƙin yin alama kada a buge hannun.

Mafi nauyi a ciki shi ne kunyar ɗan fari. Na san a gaban surukai ba ki sakewa ki yi masa wasa, wataƙila ko sunansa ba ki kamawa. Yaro mai ji yana cike wannan giɓi da muryoyin gida, ɗanki kuwa duk lokacin da kika sunkuyar da kai an rufe masa littafi ne. A nan Hajiya take da amfanin da babu wanda ya kai ta. Ita ce al'ada ta ba lasisin wasa da shi ido da ido, ta kira shi maigidanta, ta tsokane shi ya tsokane ta. Kada ki tunkare ta da gardama. Ki sa maigida ya yi mata bayani cikin ladabi, ko ya tafi da ita asibiti ta ji daga bakin likita, a nuna mata cewa ba a daina yi wa yaron magana da baki ba, ƙari aka yi masa. A roƙe ta ta zama ita ce za ta koya masa alamar gaisuwa da ta sunanta. Kakar da jikanta ya fara kira da hannu ba kasafai take sake hanawa ba. Uban ma kada ya bar miki aikin ke kaɗai, domin yaro namiji zai koma zaure da masallaci da kasuwa, kuma uban da bai iya magana da ɗansa ba sai ya nemi tafinta a cikin gidansa. Yaran gidan da na maƙwabta su ne suka fi kowa saurin ɗauka, ki jawo su ciki.

Alamunsa na farko ba za su fito daidai ba. Yara sukan fara gane wurin da ake yin alama, a baki ko a ƙirji ko a kai, sannan motsinta, siffar yatsu ita ce ta ƙarshe, don haka zai yi miki alamu da yawa da buɗaɗɗen tafi ko dunƙule ko ɗan ali kaɗai. Idan ya kai dunƙulensa kusa da baki yana kallon kofi, sha ya ce. Ki amsa masa da murna, ki maimaita alamar daidai, ki ba shi, ba tare da kin tanƙwara masa yatsu ba. Wasu yaran ma sukan rikita "ni" da "kai" na ɗan lokaci, su nuna ki alhali kansu suke nufi, kuma wannan yana wucewa. Fahimta tana riga yi, saboda haka za ki ga yana waiwaya wajen ƙofa idan kin yi alamar babansa tun kafin shi ya yi ta. Ki sami ƙaramin littafi ki riƙa rubuta alamun da ya gane da waɗanda ya yi da kansa, da watan da ya fara, domin zai taimaki likita da malamin da zai karɓe shi. Da zarar alamunsa sun kai hamsin ko kusa, ki sa ido ga haɗa biyu, irin "Baba tafi" ko "koko ƙari", ke kuma ki riƙa amsa masa da uku.

Idan kun yi wata uku zuwa huɗu kuna yi kullum amma ba ya riƙe ido, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya nuna ya gane ko alama ɗaya, ki mayar da shi wurin likitan yara a duba idonsa da sauran ci gabansa, domin sanƙarau yakan taɓa gani da ƙarfin gaɓoɓi da ƙwaƙwalwa, ya kuma jawo farfaɗiya. Idan yana yawan faɗuwa ko tafiyarsa ta yi jinkiri ki faɗa wa likitan, saboda sashen da ke riƙe daidaiton jiki yana maƙwabtaka da na ji a cikin kunne, kuma ciwon yakan shafe su tare. A duk asibiti ko kemis da kuka je ki sanar da su larurar kunnensa kafin a rubuta masa magani, musamman allurai irin su jentamaisin, domin suna iya cinye ɗan sauran jin da ya rage masa.